Tocila a Ƙasan Rijiya

Malam Sama'ila, tun da na ji an ba ka shugabancin ma'aikata a wurin aikin nan naku mai haɗari hankalina bai kwanta ba. Ƙwazo kam kana da shi, amma na san ka da son sabon abu, ga gajen bayani. Zauna ka ji wani misali kafin ka tafi.

An yi wani mai yasar rijiya da 'ya'yansa biyu maza, waɗanda suka tashi a cikin sana'ar har kowannensu ya ajiye iyali. Tsohon gwani ne, sai dai magana a wurinsa kamar da kuɗi yake sayenta. Duk rijiyar da aka kira su, kafin kowa ya sa ƙafa sai ya kunna 'yar fitilar aci-balbal, ya ɗaura mata igiya, ya zura ta a hankali har ƙasa. In ta ci gaba da ci, a shiga. In ta mutu, sai ya sa a yaye murfin rijiyar gaba ɗaya, a ɗaure rassan darbejiya ana zurawa ana jawowa, wata rana a wuni a haka ba a ɗebo ko guga ɗaya na laka ba. Bai taɓa gaya musu dalili ba, su kuma ba su tambaya ba, don a gidansu ba a tsare uba da tambaya. Sai suka yanke wa kansu cewa ai ba a aiki a duhu, shi ya sa. Tsoho ya rasu, fitila ta zama tasu da duk haushinta: ga hayaƙi, ga warin kananzir, ga mutuwa daidai lokacin da ake sauri. Wata ranar kasuwa babban ya sayo tocila mai hasken gaske, wadda iska ba ta kashe ta. Suka yi murna, suka ce Allah ya jiƙan Baba, da ya ga wannan da ya huta. Suka yashe rijiyoyi da ita lafiya lau, aci-balbal kuwa aka rataye ta a zaure tana shan ƙura.

Da bazara ruwa ya yi wuya, sai aka kira su wata tsohuwar rijiya da ta shekara da shekaru a rufe, ganye da shara sun ruɓe a cikinta. Suka yi kamar yadda suka gada: suka ɗaure tocila suka zura. Ta sauka har ƙasa tana haske tar. Babban ya ɗaura igiya a ƙugu, ya yi bisimilla ya shiga, ƙanin na riƙe da igiyar a bakin rijiya. Al'adarsu, in na ciki ya cika guga sai ya girgiza igiya. Ƙanin ya jira, igiya ba ta motsa ba. Ya leƙa, ya hango haske na nan yadda yake, sai ya ce wa zuciyarsa ai tunda fitila na ci, lafiya ne, haka Baba ya koya mana. Ya ƙara jira. Ya kira sunan yayansa, muryarsa ce kawai ta dawo masa. Ya sake leƙawa, haske na nan, ya sake ba kansa haƙuri. Sai da ya ji igiyar ta yi wani nauyi irin na buhun hatsi sannan ya kurma ihu. Maƙwabta suka taru, ƙanin ya nemi ya faɗa ciki aka rirriƙe shi, aka haɗu aka jawo yayan, jikinsa ya saki, babu numfashi. Wata tsohuwa a gidan da rijiyar take ta ɗauko aci-balbal ɗinta ta ce a zura a gani. Ba ta kai rabin rijiyar ba harshen wutar ya kwanta ya mutu. A nan ƙanin ya gane abin da mahaifinsu yake aunawa: wuta da mutum iska ɗaya suke sha, inda ita ta kasa rayuwa shi ma ba zai rayu ba. Har aka dawo daga maƙabarta tocilar na can ƙasa tana ci.

To, Malam Sama'ila, ni dai tsohon nake ganin laifinsa fiye da 'ya'yan, Allah ya gafarta masa. Ya bar musu doka bai bar musu dalilinta ba. Abin da nake ji maka tsoro ke nan. Duk dokar da ka tarar a wurin aikin nan, kada ka canza ta sai ka san wane haɗari take tarewa, kuma kada ka sa mutum ya bi ta ba ka gaya masa abin da zai kashe shi in ya bari ba. Rayukan magidanta ne a hannunka, kowanne akwai masu jiran ya dawo gida. Hausawa sun riga sun faɗa: rashin sani ya fi dare duhu.