Wasan Ƙarshe Ya Faɗo Ranar Lahadi

Ta ɗora rediyo a kan kabarin mahaifinta da ke ƙofar gida, kamar yadda ta saba yi duk ranar wasan ƙwallon ragbi, sai ƙanenta ya kira daga Auckland.

"Yaya, kunna masa mana, yaranmu na Samoa ne a fili. Ko mamaci ma sai ya je coci?"

Ranar kuwa Lahadi ce. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa a gonar gwaza, wanda ihunsa kan watsa kaji in an ci, har ya rasu bai taɓa sauraron wasa ranar Ubangiji ba.

Ta kashe wayar, ba ta kunna rediyon ba, ta wuni ita kaɗai tana kauce wa maƙwabta.

Litinin da safe ta zauna gefen kabarin.

"Ban bari kowa ya faɗa mini wanda ya ci ba, Baba. Yanzu za su maimaita wasan a rediyo."