Na Tara a Jeri

Ƙwallon ta tsallake katanga ranar Lahadi da la'asar a Brisbane, a wasan besbol na ƙarshe na bana. Na tara a jerin masu bugu ne ya buga ta da sanda, bugun da ya fi kowane daraja a wasan. Takwas ɗin da ke gabansa duk sun taɓa tsallakar da ita tun tuni a bana, koci kuwa ya faɗa masa baɗi babu gurbin mai raunin hannu.

Ya zagaye zango huɗun da mai bugu ke takawa ɗaya bayan ɗaya, ya dawo rumfar 'yan wasansu. Ba wanda ya dube shi.

Ya san al'adar: ranar da mutum ya fara tsallakarwa, sai a yi kamar ba a gani ba, can kuma a rufe shi da ihu. Ya zauna yana murmushi.

"To, ku gama shan ƙamshin, 'yan baƙin ciki," in ji shi.

"Tsoho," in ji na huɗu a jeri, bai ko juyo ba, "ka kuwa taka zangon farko?"

Wanda ya wuce zango bai taka ba, bugunsa ya tashi a banza. Ya yi ƙoƙarin tunawa. Sama yake kallo a lokacin.

Abokan hamayya sun riga sun jefa ƙwallo zangon farko, suna ƙorafin bai taka ba. Alƙalin wasa bai ɗaga hannun soke bugun ba tukuna.