Ɗan Rumbun da Ya Tare Fili

Malama, ɗauke hannunki daga kan linzamin kwamfutar nan tukuna, kada ki goge komai. Na ga abin da ya dame ki. Ɓangaren da kike ajiya a faifan kwamfutarki ya cika maƙil, ga fili can a gaba ba kowa a cikinsa, kin nemi ki faɗaɗa amma maɓallin ya dushe, ya ƙi dannuwa. Kin kuma gano mai laifin, wani ɗan siririn ɓangare da ya zauna a tsakani, wanda ba ki taɓa ajiye ko hoto ɗaya a cikinsa ba. Kafin ki yanke masa hukunci, bari in ba ki wani misali.

An yi wani manomi da ɗaki ya yi wa iyalinsa kaɗan. Yara sun ƙaru, wurin kwanciya sai an tsallake ƙafar wannan a taka hannun wancan. A bayan ɗakin kuwa akwai fili nasa na kansa, gadon ubansa, ba mai jayayya da shi a kai. Ya kira magini. Magini ya zagaya ya dawo ya ce bango ba ya tsalle, ɗaki filin da ke jikinsa kawai yake ci, ga shi tsakanin bangon da filin akwai ɗan rumbun kara na mahaifiyar manomin. Rumbun nan dai abin dariya ne. Ɗan mitsitsi ne, ya karkace kamar mai shi, kuma ba a taɓa ganin an ɗebo abin tuwo daga cikinsa ba. Kowace kaka tsohuwar takan bi gefen gonar ɗanta, inda take yafa wani gero na mutanen dā mai saurin nuna, ta zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika ta jera a ciki, ta fitar da na bara. Jikoki har tsiya suke yi mata wai ɓeraye take tara wa gara. Manomin ya ce ai wannan kafin hantsi an gama da shi, ya je ya wasa gatari. Da ya zagayo sai ya tarar da ita zaune a gindin rumbun, tana mayar da wani kara da ya zame. Ba ta ce masa kada ya rushe ba. Matsawa ma ta yi ta ba shi wuri. Wannan matsawar ce ta karya masa zuciya, kunya da tausayi suka rufe shi. Ya jingine gatarin ya ce, "Inna, ba rushewa za a yi ba, ƙaura za a yi masa."

Ƙaura kuwa ta fi rushewa wahala, shi ya sa mutane ba sa son ta. Sai da aka fara kwashe abin da ke ciki kaf aka kai ɗakin maƙwabci, don in rumbun ya wargaje a hanya kada a yi biyu babu. Aka jera duwatsun da zai zauna a kai a can ƙarshen filin. Sannan maƙwabta suka zura itatuwa ta ƙarƙashinsa suka ɗaga, suna tafiya kamar masu ɗauke da ƙwarya cike da nono, an kuma gargaɗi kowa cewa ba a direwa a tsakiyar hanya komai zafin kafaɗa. Magini yana gefe yana ta mita an kashe masa yini a kan tarin kara. Amma da rumbun ya zauna a sabon wurinsa, fili ya haɗe da bango, aka ja ɗaki har inda ake so, yara suka sami wurin miƙe ƙafa. Tsohuwar ta cika rumbunta a kakar shekarar kamar yadda ta saba, kafin damina ta zagayo Allah ya karɓi abarsa.

A daminar nan ruwan farko ya yaudari garin. Kowa ya zuba irinsa duka a ƙasa, sai sama ta ɗauke, shuka ta ƙone tun tana tsiro. Lokacin da ruwa ya dawo damina ta yi nisa, irin da ke kasuwa ko an shuka ba zai kai ga nuna ba. Manomin ya rasa irin da zai shuka, ga baki da yawa a gida. Sai ya tuna, ya nufi ƙarshen filin ya ɗaga jinkar ɗan rumbun. Ga zangarniyoyi nan a jere, an barbaɗe su da toka saboda ƙwari, an lulluɓe su da tsohon ɗankwalinta. Babba da shi ya tsaya a wurin ya yi kuka, don ya gane wa take yi wa ajiyar duk shekarun nan da ake mata dariya. Ya shuka, ya kuma ɗiba ya bi gidajen waɗanda suka sa kafaɗa ranar ƙaura. Geron ya nuna kafin ruwa ya ɗauke, ba a kwana da yunwa a gidan ba.

To Malama, wancan siririn ɓangaren shi ne rumbun. A nan na'urar take ajiye abin da za ta farfaɗo da shi ranar da ta ƙi tashi, kuma ranar tana zuwa wa kowace na'ura. Miƙo min faifan waje mu fara kwashe hotunan 'ya'yanki da takardunki, mu jona caji kada ta mutu aiki bai kammala ba, sannan mu matsar da shi can ƙarshe a hankali, filin ya dawo jikin naki. Za ki ɗan jima a shagon nan, ga kujera. Ba a banza Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani ba.