Hoton da Za a Tura Jidda

Tunda ka ce ka iya aikinka amma mutane ba sa sakin jiki a gabanka, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani direban babbar mota da ciwon baya ya raba shi da hanya. Da zaman gida ya ishe shi, sai ya sayi tsohuwar kyamara a hannun wani mai hoto da ido ya fara gaza masa, ya kama ɗan shago a bakin tasha, ya rataya shuɗin labule, ya ajiye kujerar roba. Ya koyi inda ake dannawa, ya gane hasken hantsi ya fi na tsakar rana taushi, ya yi ta gwaji a kan buhunan albasa da baburan da ake jinginewa a ƙofar shagon har hannunsa ya saba. Abin da bai lura da shi ba, buhu ba ya jin kunya. Ran nan sai ga wata dattijuwa mai sayar da daddawa ta yi sallama, ta sha sabuwar atamfa ko karinta bai kwanta ba. Tun da take a duniya, hoton katin zaɓe kaɗai aka taɓa ɗaukarta. Da damina ta yi doguwar jinya, labari ya kai ga ɗanta na fari da ke aikin gini a Jidda, shi kuwa ya rantse zai ajiye aikin ya dawo gida. Ga shi aikin nan shi ke riƙe da gidan, kuma wanda ya sake shi ba lalle ya sake samu ba. Ta yi masa magana ta waya cewa ta warke sarai, ya ce murya tana ɓoye ciwo, shi sai ya gani da idonsa. Duk ta zayyana wa direban wannan, ta ce abin da ya kawo ta ke nan: hoton da zai sa ɗanta ya zauna inda yake.

Direban ya zaunar da ita, ya koma bayan kyamara ya ɗaure fuska kamar mai hawa tudu da lodi, don shi ma tsoro yake ji kada ya ɓata aikin. Ya shiga jefa mata umarni irin yadda ya saba a tasha: ɗaga haɓa, sauke kafaɗa, kalli nan, kada ki motsa, yi murmushi. Yana faɗa, tsohuwa tana ƙara sandarewa. Ta damƙe gwiwoyinta, ta zaro ido, ta yaƙe haƙora kamar mai jiran allura. Ya matsar da kujerar kusa da ƙofa, ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya ga laifin labule, ya ga laifin wanda ya sayar masa da kyamarar. Da ya juyo mata da abin da ya ɗauka, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, wannan in ya gani, gobe zai hau jirgi." Ta gyara mayafi, ta fara laluben takalmanta da ƙafa.

Nan direban ya fito daga bayan kyamara. Ya jawo benci ya zauna kusa da ita, kyamarar a cinyarsa, ya zuba mata ruwa a kofi, ya ce, "Inna, huta tukuna. Ba laifinki ba ne, ni ne sabon hannu. Shi wannan maginin naki, tun yana ƙarami haka yake da kafiya?" Ta sunkuyar da kai, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa. Amma tambayar ta sosa mata inda ke yi mata ƙaiƙayi. Ta kurɓi ruwa ta ce ai yaron nan da gini aka haife shi. Ta kawo labarin ranar da ta shanya daddawa ta tafi gaisuwar mutuwa, kafin ta dawo ya kwashe ta tas, ya kwaɓa da jar ƙasa ya gina wa kaji akurki. Gida ya ɗauki wari har maƙwabta suna leƙowa ta katanga, kajin kuma suka ƙi shiga. Tana cikin faɗa dariya ta ƙwace mata, kafaɗun suka sauka da kansu, idon ya kawo haske, hannu ɗaya yana sama yana nuna tsayin akurkin. Daga inda yake zaune ya ɗaga kyamarar ya danna. Ta ji ƙarar ta ce, "Kai, ɗan nan, ai ban shirya ba!" Ya ce, "An gama, Inna."

In don ƙa'idar aiki ne, hoton bai cika ba. Ya ɗan karkace, mayafin ya zame gefe, bakin kofin ma ya shigo ciki. Haka aka tura shi. Da maginin ya gani, ya aiko cewa wadda ke wannan dariyar ba majinyaciya ba ce, ya ci gaba da aikinsa, ita kuma ta koma kan daddawarta. Direban kuwa daga ranar ba ya ɗora ido a kyamara sai ya gama gaisawa da mutum, ya ji daga ina yake, kuma wa zai ba hoton.

To ka ji. Direban ya so ya gyara haɓa da kafaɗa, alhali tsoron da ke ƙirjin tsohuwar shi ne yake ta fitowa a hoton, sai da tsoron ya kwanta sannan ita kanta ta fito. Ba a banza ba Hausawa suka ce, labarin zuciya a tambayi fuska.