Majinyaciya Daga Azarori

Da ƙafa Hamsatu ta zo Madawa daga Azarori, don jakunan gidan surukinta ba na hawan mata ba ne. Ta iske layi a ƙofar gidan likita, ta koma can ƙarshe ta rufe fuska. Matan talakawa a nan suke zama, a idon duk mai wucewa kasuwa. Masu hali kuwa ta ƙofar baya suke shiga, rawani har hanci, da zabi ko ɗan rago, ba a tambayar sunansu.

Sai bayan azahar aka kira ta. Sha'ibu mai allura ya dubi ƙurajen tafin hannunta da na bakinta, ya san tunjere ne, ciwon da ake ɗauka wurin kwanciya da namiji.

"Ina maigidanki? Shi ma sai ya taho."

"Shekara ukku ke nan da anka kai Muhammadu soja."

Sha'ibu ya yamutsa fuska, ya ja kujerarsa baya. Shekararta ba ta wuce ashirin ba, ga miji a bakin daga, ga abin da ta kwaso.

"To wa ya ba ki?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce ita dai ko rijiya ba ta zuwa, Baba Halidu, uban mijinta, ya hana ta fita tun da aka tafi da ɗansa. Wata biyar tana roƙon a kawo ta, yana cewa gidansa ba a tona asiri a gaban baƙi. Yau ma da ya fita duba shanu ta sulale.

Sha'ibu bai yarda da ko kalma ɗaya ba. Ya tafasa allura yana tsaki, ya ce mata sai ta riƙa zuwa kowane mako, in kuwa ta fasa ciwon zai ci ta har ƙashi.

Bai kai ga ɗaure mata hannu ba aka ji sukuwar doki. Wani dattijo mai farin gemu ya faɗo ɗakin, matan layi suka cika ƙofa.

"'Yar banza! Ɗana na can ƙarƙashin harsashi, ke kina nan kina nuna ma duniya ƙazantarki! Tashi mu tai!"

Wata tsohuwa ta tofar da yawu. Hamsatu ta maƙure a bango, ta kasa ɗaga ido.

Sha'ibu ya matsa gefe, a ransa yana ganin dattijon na da gaskiya. Baba Halidu ya ɗaga bulala, hannun rigarsa ya zame har gwiwar hannu.

Allurar ta kuɓuce wa Sha'ibu. Tabo takwas ne jere a kan jijiyar hannun dattijon, kuma ya san su sarai, don shi da kansa ya huda su, kowace ranar kasuwa, a ƙofar baya, yana yi wa wani mai rawani har hanci allurar tunjere.