Katin Gayyata a Ƙarƙashin Ƙofa

Tunda shirin bikin cika shekarar ɗanki ne ya hana ki sukuni, Uwani, zauna nan kusa da ni in ba ki labarin wata ma'aikaciyar jinya.

Canjin wurin aiki ne ya kai ta wata unguwa, ita da mijinta da 'yarsu ɗaya tilo. Mace ce mai kirki, wannan kam ba a raba ta da shi ba, sai dai irin mutanen nan ce masu fita da sassafe, su dawo a gajiye, su ja ƙofa su rufe. Wata takwas ta yi a layin. An haihu a gida na uku, ba ta je barka ba. Dattijon gidan da ke kallon nasu ya rasu, ta ce sai ta samu hutu za ta shiga gaisuwa, hutun kuwa har yau yana hanya. Ita ko yarinyar kullum la'asar tana maƙale a bakin ƙofa, tana kallon tsararrakinta suna 'yar carafke, babu mai ce mata zo mu yi. Wannan abu ya ci wa uwar rai ƙwarai. Da yarinyar ta kusa cika shekara bakwai, sai ta ce ga dama ta samu, za ta haɗa bikin da zai sa yaran layin nan su yi rububin ƙawance da 'yarta. Ta sa aka yi kek mai hawa biyu, ta sayo balan-balan, ta soya cincin bokiti guda, ta yi hayar kujeru. Sannan ta buga kati masu hoton yarinyar, ta bi layi a kan hanyarta ta zuwa aiki tana zura su ta ƙarƙashin ƙofofi, ko sallama babu.

Ana jibi biki yarinyar ta dawo daga Islamiyya tana kuka. Wai ta tambayi wata 'yar layinsu ko za ta zo, ta ce mamarsu ta ce ba sa zuwa gidan da ba a san mutanensa ba. Uwar ta hau faɗa, wai 'yan baƙin ciki ne, wai hassada ce. Tsohuwar da ta zo yi wa yarinyar kitson biki ta bar ta ta gama tsaf, sannan ta ce, ko kai ba ta ɗago ba, “Hajiya, tabarmar gida nawa kika taɓa zama a kai a layin nan? Ke da kanki, takarda za ta shigo miki ta ƙarƙashin ƙofa ki ɗauki 'yarki ki miƙa?” Kunya ta rufe uwar.

Washegari ta nemi wata abokiyar aiki ta riƙe mata aikin ranar, ta yafa mayafi, ta kama hannun 'yarta. Gidan rasuwar ta fara shiga. Ta durƙusa gaban matar mamacin ta yi gaisuwa, ta ce ba ta kyauta ba, a yafe mata. Matar mamacin ta dube ta, sannan ta matsa mata gefen tabarma. Jaririn da ba ta je barkarsa ba ta same shi har ya fara zama, ta ɗauke shi, ya yi mata fitsari a zane, matan gidan suka kwashe da dariya suka ce ya rama. Haka ta bi gida-gida, ta sha ruwa a nan, ta sha kunu a can, ba ta ambaci biki ba sai in an tambaya. A gida na ƙarshe ta roƙi aron babbar tukunya, alhali tata na nan a kife a kicin. Matar gidan ta ce tukunyarta ba ta zuwa unguwa ita kaɗai, sai dai su taho tare.

Ranar biki tun da hantsi mata suka cika mata tsakar gida, wannan na cewa gishiri bai ji ba, waccan na cewa a gyara wuta, kamar gidan ubansu. Kujeru suka gaza, aka kwaso tabarmi daga maƙwabta. Kek ɗin nan mai hawa biyu sai da aka yanka shi siri-siri kafin ya zaga. Da taro ya watse uwar ta nemi 'yarta ta rasa, hankalinta ya tashi. Can aka ce ta duba gidan mai tukunya. Ta same ta zaune a ƙasa da kayan bikinta, hannunta cikin kwanon tuwo ɗaya da 'yan mata huɗu, tana cewa ita ba yanzu za ta koma gida ba. Uwar ta tsaya a bakin zaure, hawayen daɗi na zubo mata, ta bar ta ta cinye tuwonta.

Kin ga, Uwani, Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zumunta a ƙafa take.