Akwatin da Ba Ya Fito

"Wannan ma yana fito," in ji Injiniya. "Cire shi."

Mai shago ya zare wayoyin, ya jona wani. Ɗan akwati ne da ke karɓar waƙa daga kwamfuta ya mayar da ita sautin da lasifika za ta fitar. Shi kaɗai ya rage wa Injiniya. Shekara da shekaru yana haɗa kayan sautin falonsa da kaɗan-kaɗan, yana cewa in ya yi ritaya zai zauna ya ji kiɗa yadda aka yi shi. Ga ritayar ta zo.

Kiɗa ya tashi. Injiniya ya rufe ido, ya karkata kai. Can ƙarƙashin ganga da sarewa, siririn fiton yana nan, kamar sauro a bakin kunne.

"Kai, kayan bola kake sayarwa ne?"

"Haba Baba! Daga wannan babu na gaba. Ni wallahi ban ji komai ba."

"Ina za ka ji? Waya ta gama cinye muku kunnuwa."

'Yarsa, wadda ta kawo shi a mota, ta miƙe. Ta je bango ta zare filogin. Fitilun kayan suka mutu, shagon ya yi tsit.

"Baba," ta ce, "yanzu fa?"

Fiton yana nan cikin kunnensa, bai ragu ba ko kaɗan. Injiniya ya daɗe bai buɗe ido ba.

"Mai da ni gida," ya ce.